Rokar Muhsina da Ta Ƙi Tashi

Muhsina yarinya ce mai ƙoƙari. Kowa ya san haka, ita ma ta sani, har saninta ya fi na kowa. In lissafi ya ƙi fita, to littafin ne ya yi kuskure. In shayi ya zube, to kofin ne bai zauna daidai ba.

Suna zaune a wani gidan bene a unguwar Bin Mahmud, cikin birnin Doha. Babbar ƙawarta Haulat tana hawan da ke ƙasan nasu. Tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa. Ranar Asabar kuma tare suke zuwa ƙungiyar kimiyya ta Malam Ɗalhatu.

Malam Ɗalhatu injiniya ne, mutumin Gusau. Shi ya tara 'ya'yan 'yan Afirka yana koya musu haɗa ƙananan rokoki da kwali da roba. In sanyi ya shigo, sai ya kwashe su a bas zuwa wani fili can bayan gari, inda babu gida babu bishiya. A nan suke harba su sama.

Aikin ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. A gindin kowace roka ana sa ɗan inji kamar guntun rake, cike da garin da ke kama wuta. A ƙasan injin akwai ɗan rami. Nan ake cusa wata siririyar waya mai baƙin kai, wadda yaran suke kira ashana. Sai a danna ɗan matoshin roba ya riƙe ta gam. A jona wayar batir, kowa ya ja baya, a danna maɓalli.

Malam yana da dokoki biyu da ba ya wasa da su.

"Kada kowa ya shafa wa inji ko matoshi komai," in ji shi. "Ko ruwa, ko gam, ko yawu. Sannan duk wanda ya ɓata kayan ɗan'uwansa da gangan, ya bar ƙungiyar nan ke nan. Khalas, magana ta ƙare."

A ƙarshen wata za a yi ranar iyaye. Sai wanda rokarsa ta tashi a gwaji ne zai harba a gaban baƙi. Muhsina ta riga ta gaya wa Abbanta ya ɗauki hutu a asibiti, don tata za ta fi ta kowa nisa.

Ranar gwajin farko, Haulat ce ta riƙe akwatin ashana da matosai. Malam ya ba ta wannan aiki ne don ba ta ɓatar da kaya. Ta miƙa wa kowa nasa, ta miƙa wa Muhsina nata.

Muhsina ta durƙusa ta cusa ashana. Ta ɗora matoshi ta danna. Ya ƙi shiga. Ta ƙara dannawa har babban yatsanta ya yi ja.

"Wannan abu sai ka ce dutse," ta ce a ranta.

A aljihunta akwai ɗan gwangwanin man kaɗanya, don sanyin Doha yana busar mata da hannu. Kakarta ce take aiko musu da shi daga Kwantagora duk lokacin da aka samu mai zuwa. A gidansu kuwa man kaɗanya maganin komai ne. Zif ya cije, Umma ta shafa masa. Ƙofa ta yi kuka, Umma ta shafa mata. Har keken ɗinki ya sha rabonsa.

Muhsina ta lakato kaɗan ta goga wa matoshin. Dokar Malam ta faɗo mata a rai, ta kawar da ita. Ai ruwa da gam ya ambata. Ɗan wannan man me zai yi? Ta danna, matoshi ya shige sulub. Har ta yi murmushi, tana jin ta fi sauran dabara.

"Yalla, kowa ya koma bayan layi!" in ji Malam.

Yara suka haɗa baki. "Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya!"

Muhsina ta danna maɓalli.

Fus! Ɗan hayaƙi ya fito. Matoshi ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi. Ashana ta zubo ƙasa tana lilo a jikin waya. Roka kuwa tana nan tsaye ƙyam, ko motsi ba ta yi ba.

Wani yaro mai suna Alidu ya kwashe da dariya. "Rokar Muhsina tsoron sama take ji!"

Malam ya zare makullin batir. Ya sa kowa ya jira, don ba a tunkarar rokar da ta ƙi tashi nan take. Can ya je ya ɗauko ashanar ya duba.

"Kanta ya ƙone," ya ce. "Ke nan batir lafiya yake, ashana ma ta kama. Fitowa ta yi kafin ta kunna garin. Muhsina, kin tura ta har ƙarshe?"

"Na tura, Malam."

"Matoshin fa, ya shiga sosai?"

"Ya shige gaba ɗaya."

Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi duka ba. Malam ya ce Haulat ta ba ta wata ashanar da wani matoshin. Muhsina ta sake lakato mai ta shafa. Aka sake ƙirge. Fus! Abin da ya faru ɗazu shi ya sake faruwa.

Da aka zo kan Haulat, rokarta ta yi wani fiii ta nufi sama har ta zama ɗan ɗigo. 'Yar lemar da ke naɗe a cikinta ta buɗe, rokar ta sauko a hankali. Kowa ya yi ta tafi. Muhsina ma ta tafa, amma tafin bai kai zuci ba.

A bas, Haulat ta dafa ta. "Kar ki damu. Ko taki ba ta tashi ba, ai kin iya fenti. Taki ta fi ta kowa kyau."

Muhsina ta juya ta kalli taga. Ko taki ba ta tashi ba? Wato har ta san ba za ta tashi ba? Sai ta tuna yadda Haulat ta tura hannu can ƙasan akwati kafin ta ciro nata. Me ya sa ba ta ɗauko na sama ba? Me ya sa na kowa ya yi aiki, sai nata?

Zargi mugun baƙo ne. Tun da ya shiga zuciyar Muhsina, komai Haulat ta yi sai ya zama shaida. Ta kawo mata cincin a makaranta, Muhsina ta ce kunyar abin da ta yi ne yake damunta. Ta yi dariya da wasu 'yan aji, Muhsina ta ce da ita suke. Ta tambaye ta, "Lafiya kike kuwa?" Muhsina ta ce a ranta, ji munafunci.

Ko sau ɗaya ba ta tuna da gwangwanin da ke aljihunta ba.

Asabar ta zagayo. Malam ya ba Muhsina sabon inji, ko da matsalar daga tsohon take. Da aka zo rabon ashana, ta ƙura wa hannun Haulat ido. Haulat ta ɗauko ɗaya, ta duba, ta mayar. Ta ɗauko wata ta miƙo.

"Me ya sa kika mayar da waccan?" in ji Muhsina.

"Kanta ya tsage. Wannan ta fi kyau."

"Haka ne?"

"Haka ne mana. Me ya faru?"

Muhsina ta fisge ashanar. Ta je ta durƙusa, ta cusa ashana, ta shafa manta. Yanzu ko tunani ba ta yi, hannunta ya saba.

Aka ƙirga. Ta danna. Fus!

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariya ciwo. Da Malam ya ba da izinin matsowa, Muhsina ta riga kowa zuwa. Ta tsince matoshin daga yashi, ta naɗe shi a takardar goge hannu, ta cusa a aljihu. Ga shaida ta samu. Sannan ta juyo, idonta jawur.

"Haulat ce!" ta ce da ƙarfi. "Ita take zaɓo min marasa kyau! Ba ta so tawa ta tashi ranar iyaye!"

Haulat ta tsaya da akwati a hannu, bakinta a buɗe.

"Ni? Muhsina, ni?"

"Ke fa! Ina kallonki kina canjawa!"

Malam Ɗalhatu ya ɗaga hannu. "Ya isa. Muhsina, wannan magana babba ce. Kin tabbata kin bi duk yadda na koya muku?"

"Na bi, Malam."

Iska ta fara tashi, lokacin tafiya ya yi. Malam ya yi ajiyar zuciya. "Asabar mai zuwa zan bincika komai da kaina. Kun san dokata. Kafin nan, Haulat, kawo akwatin."

Haulat ta miƙa masa. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. A bas ta koma kujerar baya ita kaɗai. Sauran yara suna ta satar kallonta suna raɗa.

Muhsina ta iso gida da zafinta. Umma tana kicin tana tuƙa tuwo, Abba yana falo yana hutawa.

"Abba, Umma, ku zo ku ga abin da Haulat take min!"

Ta warware takardar a kan tebur. Matoshin ya fito duk yashi ya manne masa. A jikin takardar kuma ga tabon maiƙo.

"Kun gani ko? Har wani abu ta shafa masa!"

Umma ta goge hannu ta ɗauki takardar. Ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Wannan ai man kaɗanya ne," ta ce. "Irin na Kakarku ma, mai ƙaurin hayaƙi. Su Haulat kuwa ba sa ajiye shi. Mamanta atishawa yake sa ta, ko na ba ta ba ta karɓa."

Muhsina ta dubi tabon maiƙon. Hannunta ya tafi aljihu da kansa, ya taɓo gwangwani.

Abba ya cire tabarau ya dube ta. "Muhsina, wa ya shafa?"

"Ni ce," ta ce can ƙasa. "Amma kaɗan ne, Abba. Matoshin ne yake da tauri. Ai ba shi ya hana ta tashi ba."

"Miƙo min biron can."

Ta miƙo. Abba ya rufe biron da murfinsa, ya riƙe ya girgiza da ƙarfi. Murfi bai motsa ba. Ya cire shi, ya lakaci man ya shafa a bakin biron, ya mayar. Ya girgiza sau ɗaya. Murfi ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera.

"Abin da ya shiga da santsi, da santsi zai fita," in ji Abba. "In ashana ta kama, tana yin 'yar iska mai turi. Aikin matoshi shi ne ya riƙe ta har garin ya kama wuta. Taurin da ya dame ki, shi ne amfaninsa. Ke kuma kika cire masa."

Muhsina ta zauna a hannun kujera. Kunya ta rufe ta. Ta tuna fuskar Haulat lokacin da take miƙa akwati.

Can ta ce, "To in na daina shafawa, ai rokar za ta tashi. Sai kowa ya manta."

"Haulat ma ta manta?" in ji Umma. "In taki ta tashi ranar da aka karɓe mata akwati, me yara za su ce?"

Muhsina ta san amsar. Za su ce lallai Haulat ce. Malam ma yana iya korarta.

"A gaban mutane kika shafa mata laifi," in ji Umma. "A gabansu za ki wanke ta. Amma fara sauka ƙasa tukuna."

Matakalar benen ba ta da tsawo, amma ranar ta yi wa Muhsina nisa. Ta ƙwanƙwasa. Maman Haulat ta buɗe.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Ki shigo." Muryarta babu fara'ar da aka saba. "Tana ɗaki. Ta ce ba za ta sake zuwa ƙungiyar ba."

Haulat tana zaune a bakin gado, idonta ya kumbura. Muhsina ta tsaya a ƙofa ta faɗi komai, tun daga taurin matoshi har biron Abba. Ba ta rage ko ɗaya ba.

"Don Allah ki yafe min," ta ce.

Haulat ta ɗago kai. "Masu kyau nake zaɓo miki," ta ce. "Shi ya sa nake tonawa har ƙasa. Na fi kowa son taki ta tashi."

Muhsina ta fashe da kuka.

"Abin da ya fi min ciwo," in ji Haulat, "ba ki tambaye ni ba. Mako guda muna tare, ba ki tambaye ni ba."

"Zan faɗa wa Malam a gaban kowa. Don Allah ki zo ranar Asabar."

"Zan yi tunani."

Iyakar abin da ta samu ke nan. Duk makon Haulat tana amsa gaisuwa, amma ba hira. Muhsina ta gane cewa ɓata abu ya fi gyara shi sauri.

Ranar Asabar bas ta cika, babu Haulat. Muhsina ta rinƙa leƙen ƙofar gidan. Direba ya tayar da mota. Sai ga Haulat ta fito da rokarta a hannu, tana tafiya a hankali. Ta shigo ta zauna a baya.

Da suka isa fili, Muhsina ba ta jira a sauke kaya ba. Ta san in ta jira, tsoro zai ci ƙarfinta.

"Malam, ina da magana."

"Muna jin ki."

Ta ciro gwangwanin ta ɗaga sama. "Haulat ba ta yi komai ba. Ni na riƙa shafa wa matoshi man kaɗanya don ya shiga da sauƙi. Na karya doka, na ɓoye, kuma na ɗora mata laifi. Ku yafe min."

Alidu ya buɗe baki zai yi tsokana. Malam ya dube shi, ya rufe.

Malam ya ɗauko akwatin ashana ya nufi Haulat. "Karɓi aikinki. Ni ma ki yafe min. Da na nemi matoshin nan na duba tun ranar farko, da ba a kai ga haka ba."

Haulat ta karɓa da hannu biyu. Ta sunkuyar da kai, amma an ga murmushi.

Ya juyo ga Muhsina. "Kin yi jarumta da kika faɗi gaskiya. Amma doka doka ce. Bana ba za ki harba ranar iyaye ba. Ke za ki shirya kujeru, ki raba wa baƙi ruwa."

"To, Malam." Abin ya yi mata zafi, amma ta san ta cancanta.

"Yau kuma za ki gwada yadda ya kamata. Kowa ya matso, ku ga yadda ake binciken ashanar da ke fita."

Ya ba ta sabon inji, ya sa ta wanke hannu da sabulu. Ya ce su fara da ido: kan ashanar lafiya yake? Ramin injin a share yake, babu yashi babu maiƙo? Sannan ta tura ashanar har ta ji ta tokare.

Saura matoshi. Muhsina ta danna, ya cije kamar da. Yatsanta ya fara ja.

Sai ta ji an durƙusa kusa da ita. Haulat ce, da fensir a hannu.

"Ba da yatsa ake fama ba," ta ce. "Ɗora gindin fensir a kai, ki danna da tafin hannu."

Muhsina ta yi haka. Matoshi ya shiga da ƙyar, ya zauna daram.

"Yanzu ja wayar kaɗan," in ji Malam. "In ta biyo ki, ba ta kamu ba."

Ta ja. Ashana ba ta motsa ba.

"Yalla, bayan layi!"

Yara suka ƙirga da ƙarfi fiye da kullum. Muhsina ta yi bisimilla ta danna maɓalli.

Fiii! Roka ta tsaga iska, farin hayaƙi yana bin ta. Ta yi sama, ta yi sama, har sai da suka kare ido da hannu. Lema ta buɗe. Wadda ta fi kowa ihu da tsalle a filin nan ita ce Haulat.

Suka ruga tare don ɗauko ta, yashi yana shiga takalmansu. A hanya Muhsina ta riƙo hannun ƙawarta.

"Kin yafe min?"

"Na yafe. Amma gobe in wani abu ya dame ki, ki tambaye ni."

"Zan tambaya."

Tun daga ranar Muhsina ta canja. In abu ya lalace a hannunta, sai ta fara tambayar kanta abin da ta yi, kafin ta dubi kowa. Ta koyi cewa dokar malami tana da dalili ko da ba a gane shi nan take ba. Ta kuma koyi cewa zargi ba tare da bincike ba yana iya raba mutum da wanda ya fi ƙaunarsa.